Muhawara: me ke sa gem daɗi, me ke sa shi ƙona rai?

Nazifi:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Akwai maganar da ake yawan yi a shagunan gem, ina so masana su warware mana ita. Da yawa cikin waɗanda suka buga PES 6 a PS2 suna cewa har gobe babu gem ɗin ƙwallo da ke bin hannu kamarsa, alhali tun 2006 ya fito, kuma in aka ajiye hotonsa kusa da na EA Sports FC ko eFootball na yanzu ba a ma haɗa su. Kewar ƙuruciya ce kawai, ko akwai abin da ya canza da gaske? Gaba ɗaya ma, me ke sa gem ya yi daɗi, me ke sa mutum ya tashi ransa a ɓace?

Malam Habu mai gyara:
Wa'alaikumus salam Nazifi. Kewa tana ciki, amma akwai abin da ake iya aunawa. Ka fara duba talabijin kafin ka zargi gem. Daga sanda yatsanka ya taɓa madanni zuwa sanda idonka ya ga ɗan wasa ya motsa, saƙon yana bi ta wuri huɗu: hannun gem ya aika, na'ura ta lissafa, ta zana hoton, talabijin ta nuna. Kowane wuri yana cin ɗan lokacinsa, kuma da milisakan ake auna shi, wato kashi ɗaya cikin dubu na sakan. Gem mai zana hoto 60 a sakan, kowane hoto yana ɗaukar milisakan 16.7. Mai zana 30 kuwa, 33.3.

Tsohuwar talabijin mai ƙeya ba ta riƙe hoto, yadda ya iso haka take watsa shi a gilashi. Filasma kuwa sai ta tsaya ta gyara shi tukuna: ta ƙara kaifi, ta rage dishi-dishi, wata ma ta ƙirƙiri hotunan ƙarya a tsakani don motsi ya yi santsi. Wannan aikin kan ci milisakan 60 zuwa 100, wasu ma sun wuce haka. A kallon fim ba wanda zai lura. A gem kuwa, hoto huɗu zuwa shida kenan kake baya, ka danna fas ɗan baya ya riga ya tare hanya.

Maganinsa kyauta ne. A shiga saitin hoto a kunna Game Mode. A kashe abin santsin motsi, Samsung suna kiransa Auto Motion Plus, LG TruMotion, Sony Motionflow. Talabijin na zamani masu kyau suna saukowa ƙasa da milisakan 20 da wannan kawai. A lura, a yawancinsu kowace kafar HDMI da nata saitin, in ka cire kebul daga ta ɗaya ka mayar ta biyu sai ka sake saitawa.

Sadiku:
Malam Habu, mutum zai iya gane nasa jinkirin nawa ne ba tare da wata na'ura ba?

Malam Habu mai gyara:
Zai iya, in wayarsa tana ɗaukar bidiyo mai tafiyar hawainiya na hoto 240 a sakan. A kafa wayar yadda za ta ɗauki yatsa da talabijin tare. A danna madanni a wurin da amsa ke fitowa nan take, kamar sauya zaɓi a menu. Sai a ƙirga hotuna daga taɓawa zuwa canjin farko a allo. Kowane hoto kusan milisakan 4 ne, hoto 25 ya zama 100 kenan. A gwada da Game Mode a kunne da a kashe, bambancin zai fito ƙarara.

Ummi:
Abin da Malam ya faɗa haka yake, amma ko an kawo talabijin da ba ta da jinkiri ko kaɗan, Yaya Nazifi zai ci gaba da jin bambanci, domin rabin maganar tana cikin yadda aka ƙera gem ɗin. Gem ɗin ƙwallo na da ba ya damuwa da motsi ya yi kama da na mutum sosai. Ka danna fas, ko ɗan wasa yana tsakiyar taku sai a yanke motsin a buga ƙwallo. Na yanzu suna so komai ya yi kamar a filin gaske, don haka sai ɗan wasa ya sauke ƙafa, ya juya ƙugu, ya daidaita jiki, sannan umarninka ya fita. Kyan kallo ya ƙaru, biyayya ta ragu. Wannan ciniki ne da masu ƙera gem ke yi da saninsu.

Masu ƙwarewa kuma suna ɓoye wa ɗan wasa rangwame don hannunsa ya ji daɗi. Celeste, da ya fito a 2018, ya shahara da wannan. In ka wuce bakin tudu ka danna tsalle bayan ƙafarka ta riga ta bar ƙasa da 'yan hotuna kaɗan, gem ɗin yana karɓa. In ka danna tsalle kafin ka gama sauka, yana ajiye dannawar ya aiwatar da ita da zarar ka taɓa ƙasa. In kanka ya ɗan gogi kusurwar rufi, yana tura ka gefe kaɗan ka wuce. Mai bugawa ba ya ganin ko ɗaya, abin da ya sani kawai gem ɗin yana jin maganarsa. Cire waɗannan, ka bar komai yadda yake, sai ka ji mutane na cewa “na danna bai yi ba”, kuma a lissafin na'ura su ne suka makara.

Akwai kuma amsar da gem ke mayar maka. A Street Fighter II na 1991, duk sanda naushi ya sauka, hoto yana ɗan daskarewa na ƙiftawar ido, ga ƙara, ga girgizar wanda aka buga. Wannan tsayawar ce ke ba naushin nauyi. Gem ɗin da ba shi da ita, ko takobi ka sara sai ka ji kamar iska ka yanka.

Laminu Damagaram:
Duk wannan a wasan cikin ɗaki ne. Mu da muke buga Free Fire da PUBG Mobile da Call of Duty a intanet, babban abin da ke cinye mu nisa ne, kuma shi ba ya jin saiti. Haske a cikin kebul na gilashi yana tafiyar kusan kilomita 200,000 a sakan. Duk kilomita 1,000 milisakan 5 ne zuwa, 5 dawowa. Kebul ɗin MainOne da ya haɗa Legas da Portugal a 2010 tsawonsa kusan kilomita 7,000 ne, wato milisakan 70 zuwa da dawowa kafin a yi maganar komai. Ɗora tafiyar Kano zuwa Legas, ɗora daga Portugal zuwa inda sabar gem take, wato babbar kwamfutar da ke haɗa masu wasa, ɗora tsakanin wayarka da ƙarfen sabis. Shi ya sa ɗan Arewa da ke buga wa sabar Turai da wuya lambar ping ɗinsa, wato milisakan da saƙo ke ɗauka zuwa saba da dawowa, ta sauka ƙasa da 100. Mu a Nijar ba mu da teku, sai saƙonmu ya bi ƙasa zuwa gaɓar maƙwabta tukuna. Wanda ya tuna 14 ga Maris 2024, ranar da kebul huɗu na teku suka lalace a yammacin Afirka, ya san yadda abin yake in aka karkatar da hanya ta nesa.

Amma abin da mutane ba su gane ba, ping 130 da ke tsaye wuri ɗaya ya fi 70 mai tsalle zuwa 300 ya dawo. Hannu yana sabawa da jinkirin da ba ya canzawa, ka koyi harbi gaba kaɗan. Mai hawa da sauka ba a sabawa da shi. Mafi muni kuma ɓacewar saƙo a hanya, shi ne ke sa ka ga kana gudu sai a fizgo ka baya.

Mai kwamfuta ya buɗe Command Prompt ya rubuta ping -n 100 8.8.8.8, ya jira ta gama. Kada ya tsaya kan matsakaici, ya dubi mafi ƙanƙanta da mafi girma da adadin da ya ɓace. In tazarar ta yi faɗi, ko ɓacewa ta kai 2 ko 3 cikin 100, matsalar tana gida ko a sabis.

Sadiku:
To Laminu, in a gida take me za a yi?

Laminu Damagaram:
Kebul daga rauta zuwa PS ko kwamfuta ya fi komai. In dole sai waifai, a hau 5GHz maimakon 2.4GHz, a zauna kusa, domin 5GHz ba ya ratsa bango sosai amma ba shi da cunkoso. MiFi a ajiye shi kusa da taga, ba a ƙasan katifa ko bayan talabijin ba. Sannan a duba wa ke ɗora bidiyo a gidan. Mutum ɗaya da ke tura bidiyo a WhatsApp, ko waya da ke kwashe hotuna zuwa Google Photos, sun isa su cika layin aikawa, saƙon gem ɗinka ya tsaya a bayansu yana jira. Wasan kansa ba ya cin data sosai, 'yan gomomin megabait ne a awa. Sabuntawa ce ke cinye gigabait, ita a bar ta sai dare.

Baffa:
Ni abin da ya fi ba mutane haushi a gem ɗin harbi shi nake so a yi bayani: ka shige bayan bango, ka tabbata ka ɓuya, sai kawai ka faɗi. Nan take a ce wancan ɓarawo ne.

Laminu Damagaram:
Ɓarayi suna nan, Baffa, amma mafi yawan wannan ba su ba ne. Saba tana ajiye tarihin inda kowa yake. In wani ya yi harbi, sai ta koma baya daidai jinkirinsa ta duba: a allonsa, a lokacin da ya danna, kana fili ko ba ka fili? In kana fili, harbin ya shiga, ko da a naka allon ka riga ka ɓuya. Da ba a yi haka ba, babu mai ping 100 da zai taɓa samun wanda ke gudu. An zaɓi a gamsar da mai harbi, wanda aka harba ya ɗauki haushin. Wannan tsarin ne kuma ke ba wanda ya leƙo daga kwana fifiko kan wanda ke tsaye yana jira, domin ya gan ka kafin labarin fitowarsa ya iso wayarka. Mai ping mai yawa gara ya zama mai leƙawa da ya zama mai gadi.

A gem ɗin dambe wata dabara ake bi. Na da suna jinkirta dannawarka har ta abokin karawa ta iso, sai hannu ya yi nauyi. Street Fighter 6 na 2023 da Tekken 8 na 2024 suna aiwatar da taka nan take, su yi hasashen tasa, in hasashen ya kuskure su gyara cikin 'yan hotuna. Ka ɗan ga hoto ya yi tsalle, amma hannunka yana nan yadda ka saba.

Sadiku:
Duk na yarda. Amma a gem ɗin ƙwallo akwai abin da ba sabis ba ne, ba talabijin ba ne. Kana ci 2 da nema, minti 80 ya yi, sai 'yan bayanka su rikice, golanka ya saki ƙwallon da yaro zai kama, ɗan gabanka ya buga turke sau biyu. Kowa ya san wannan. Gem ɗin ne ke rubuta sakamako don a yi ta sayen 'yan wasa.

Ummi:
Yaya Sadiku, a raba abin da aka tabbatar da wanda ba a tabbatar ba. Gem da ke sauya wahala a ɓoye suna nan. Resident Evil 4 na 2005 yana sassauta maka in kana yawan mutuwa, ya tsananta in kana cin nasara. Mario Kart kuwa a fili yake yi, na baya ne ke samun manyan makamai. EA ma suna da rajistar mallakar irin wannan fasaha, kuma a 2020 wasu suka kai su ƙara a California kan zargin suna amfani da ita a Ultimate Team, sashen wasanninsu da ake sayen fakitin 'yan wasa a haɗa ƙungiya. A farkon 2021 masu ƙarar suka janye bayan an ba su damar ganawa da injiniyoyin kamfanin, EA kuma suka ce ba sa amfani da ita a nan. Iyakar abin da ke a rubuce kenan.

Abin da ke faruwa a minti 80 yana da bayani ko ba a rubuta komai ba. Wanda ya yi ta danne madannin gudu tun farko, ƙarfin 'yan wasansa ya ƙare, kuma gajiya tana rage gudu da daidaiton fas. Wanda ake ci ya tura kowa gaba, ya sako sababbin 'yan wasa masu ƙarfi. Kowane shot kuma akwai ɗan kuskure da na'ura ke jefawa bisa lambobin ɗan wasa, ƙafar da ya buga da ita, da matsin da yake ciki. Sannan zuciya tana riƙe wasan da aka farke mata ci biyu, ta manta goman da ta riƙe nasararta lafiya.

Inda na tsaya tare da kai shi ne, laifin gem ɗin ne da bai nuna maka dalili ba. Mutum yana jure shan kashi in ya ga inda ya kuskure. Wanda ba ya jurewa shi ne a ci shi bai san me zai gyara ba.

Sadiku:
Janye ƙara ba hujja ba ce cewa babu, ƙanwata.

Ummi:
Gaskiya ne, kuma ba hujja ba ce cewa akwai. Gwajin da ke hannunka shi ne ka rage danne gudu a zagayen farko, ka canza 'yan tsakiya biyu wajen minti 60 zuwa 65, ka rubuta sakamakon wasanni masu yawa a takarda maimakon dogaro da tuni.

Baffa:
Maganar Ummi kan ganin inda aka kuskure ita ce ta raba wahala mai daɗi da wahala mai cin rai. Dark Souls na 2011 yana kashe mutum fiye da yawancin gem, amma mutane suna komawa. Dalili, kowane dodo yana nuna abin da zai yi kafin ya yi: ya ɗaga kafaɗa, ya ja takobi baya, ya yi wata ƙara. In ya same ka, ka san ka yi gaggawa ko ka yi kwaɗayin sara na uku. Abin da ka tara kuma ba ya ɓacewa nan take, yana nan inda ka faɗi, in ka isa wurin ba ka sake mutuwa ba ka kwashe kayanka. Ga tsoro, ga fata, a tafiya ɗaya.

Inda ko shi ya gajiyar da mutane shi ne doguwar tafiya daga wurin hutawa zuwa ɗakin babban dodo. Ka yi minti biyu ko uku kana gudu don faɗan da zai ƙare a sakan 20. Kamfanin da kansa ya rage wannan a Elden Ring na 2022, ya sa wuraren farfaɗowa kusa da ƙofar manyan dodanni da yawa. Celeste kuwa kana mutuwa kana dawowa farkon allon cikin kusan sakan ɗaya, shi ya sa mutum zai mutu sau ɗari a wuri ɗaya bai ji komai ba. Tsawon jira tsakanin kuskure da sake gwadawa shi ne ma'aunin. Bidiyon labari da ba a iya tsallakewa kafin faɗa mai wuya, wannan zalunci ne tsagwaronsa.

Nazifi:
Baffa, to koyarwa fa? Wasu gem sai sun tsare ka minti 20 suna rubuto maka danna kaza, danna kaza.

Baffa:
Dubi matakin farko na Super Mario Bros. na 1985. Babu rubutu ko ɗaya. An ajiye ka a hagu, fili yana dama, ka san inda za ka. Maƙiyi ɗaya ya taho a hankali, ko ka tsallake ko ka mutu ka koya, asarar sakan kaɗan ce. Naman kaza na farko ya fito, ya bugi bututu ya dawo kanka, da wuya ka kauce masa, ya taɓa ka sai ka girma, ka gane ba maƙiyi ba ne. Akwai ma wurin da aka jera matakala biyu da ƙasa a tsakaninsu, sannan a gaba a maimaita su da rami na gaske. An ba ka ka gwada inda babu asara kafin a jarraba ka inda akwai. Wanda aka karanta wa umarni goma a jere kuwa, kafin ya buƙaci na bakwai ya manta shi.

Ummi:
A ƙara da sa'a. A XCOM za a rubuta maka harbinka yana da kashi 95 cikin 100, ka harba ya kuskure, ranka ya ɓaci. A lissafi, ɗaya cikin 20 dole ya kuskure, amma zuciya tana karanta 95 a matsayin tabbas. XCOM 2 a matakansa masu sauƙi yana ƙara wa ɗan wasa sa'a a ɓoye saboda wannan. Tetris na zamani ya bi wata hanya: yana zuba siffofi bakwai a jaka ɗaya ya girgiza, ya ba ka su duka kafin ya buɗe wata. Don haka doguwar sandar nan da kowa ke jira ba za ta taɓa yin nisan da ya wuce siffofi 12 tsakaninta da 'yar'uwarta ba. Sa'a tana nan, amma an sa mata linzami.

Malam Sabi'u:
Tunda an zo kan sa'a, a faɗi wadda ake saya da kuɗi, domin ita ta fi ɓata wa yaranmu wasa da aljihu. Akwatin sa'a, ko fakitin 'yan wasa, ko juya dabaran neman kaya. In an rubuta damar samun abu kashi 1 cikin 100 ce, yaro yana zaton in ya buɗe 100 dole ya samu. Ba haka lissafin yake ba. Cikin mutum 100 da kowannensu ya buɗe akwati 100, kusan 37 za su tashi hannu rabbana. Hukumar kula da caca ta Beljiyam ta yanke a 2018 cewa irin waɗannan akwatuna caca ne, har EA suka daina sayar da FIFA Points, kuɗin cikin gem da ake sayen fakiti da su, a ƙasar a Janairun 2019. Apple tun ƙarshen 2017 suka wajabta wa masu gem su bayyana kason dama, saboda haka lambar tana nan a wani ƙaramin rubutu, a nemo ta kafin a biya.

Ta fuskar daɗin wasa ma ɓarna ce. Gem ɗin da ke cin abinci daga sayar da gajeriyar hanya yana da dalilin tsawaita doguwar. Sai a sa maka ƙarfin da ke ƙarewa bayan wasa biyar, ko gini mai ɗaukar awa takwas, ko kyautar kullum da in ka tsallake rana ɗaya ta koma farko. Daga nan mutum ba don nishaɗi yake shiga ba, don tsoron asara ne. Iyaye su shiga saitin Play Store su sa a riƙa neman kalmar sirri a kowane saye, kuma kada a bar katin banki a maƙale a wayar da yaro ke riƙewa.

Laminu Damagaram:
Malam, a yi adalci kaɗan. Kayan ado da ba sa ƙara ƙarfi, kamar riga ko fentin bindiga, ba su hana wanda bai biya ba cin wasa. Kuma da su ne gem ɗin ya zama kyauta ga mai ƙaramar waya.

Malam Sabi'u:
In an sa farashi a fili ka biya ka karɓa, ciniki ne, ba ni da ja. Inda nake magana shi ne ka biya ba ka san me za a ba ka ba.

Malam Habu mai gyara:
Bari in dawo da ku kan ƙarfe, domin da yawa suna zagin gem alhali na'urarsu ce ke kuka. Waya tukuna. Kowa ya san wasa yana fara lafiya, bayan minti 15 ya soma sarƙewa. Zafi ne. In waya ta yi zafi, da kanta take rage gudun injinta don kada ta lalace, kuma a watan Afrilu da iska kanta ta haura digiri 40 ba ta da inda za ta zubar da zafin. A cire kwabar roba. Kada a buga tana caji, domin caji nasa zafin daban. A rage hasken allo, a zauna gaban fanka. Kada a sa ta a firij, raɓa za ta taru a ciki.

A saiti kuma, mutane suna kai kyan hoto ƙarshe don su ga ciyawa, su bar yawan hotuna a ƙasa. A juya. A PUBG Mobile a zaɓi Smooth, sannan a ɗaga yawan hotuna iyakar abin da wayar za ta riƙe ba ta sauka ba. High 30 ne, Ultra 40, Extreme 60. In Extreme yana faɗowa zuwa 25 duk sanda aka jefa hayaƙi, a koma Ultra. Arba'in da ba ta motsi ta fi sittin mai tuntuɓe. Iyafis na Bluetooth kuma yakan makara da milisakan 150 zuwa 250, ka ji takun mutum bayan ya riga ya iso. Mai kebul, ko mai araha ne, ya fi shi a wannan aikin.

Sadiku:
Hannun PS4 da ɗan wasa ke tafiya da kansa ba a taɓa shi ba fa? Sabo za a saya?

Malam Habu mai gyara:
Ba lallai ba. A ƙarƙashin kowane analog akwai 'yan ma'auni biyu, ɗaya na hagu da dama, ɗaya na sama da ƙasa. Cikin kowanne wani siririn ƙarfe ne ke goga layin gawayi. Yau da gobe layin yana cinyewa, ƙura ta shiga, sifirin da ke mayar da sandar tsakiya ya saki, sai hannun ya riƙa ba da rahoton motsi alhali ba a taɓa shi ba. Mataki na farko, in gem ɗin yana da saitin Deadzone, a ɗaga shi kaɗan-kaɗan har tafiyar ta tsaya, kada a wuce haka domin saiti zai yi nauyi. Na biyu, a buɗe, a cire batir, a ɗiga sifirit na isopropyl mai kashi 90 ko sama a ma'aunin, a jujjuya sandar, a bari ya bushe sarai. Ban da fetur, ban da man inji. In ya dawo bayan kwana kaɗan, layin ya cinye, sai canji. Analog ɗin yana da ƙafa 14 da aka liƙe da dalma, yana son mai abin zuƙe dalma, in aka fizge da ƙarfi layin allon yana ɗagowa, hannun ya tashi aiki. Akwai masu aiki da maganaɗisu da ake kira Hall effect, ba sa gogayya don haka ba sa cinyewa, sai dai bayan an ɗora dole a daidaita tsakiyarsu.

Madannin da sai an danne da ƙarfi kuwa, robar ƙasansa ce ta yage ko ta yi datti, canjinta ba tsada.

Nazifi:
Malam, sauran ɗaya: ɗauke wuta ana tsakiyar wasa, a dawo PS4 ta ce ajiya ta lalace, ko ta yi ta ƙara kamar injin markaɗe.

Malam Habu mai gyara:
Biyu ne daban. Lalacewar ajiya tana faruwa in wuta ta yanke daidai lokacin da na'ura ke rubutu a faifai. Ƙaramin UPS da zai riƙe PS da talabijin na minti biyar ya isa a ajiye wasa a kashe yadda ya kamata. PS4 tana jan wat 100 zuwa 150 a wasa, PS5 kusan 200, a haɗa da na talabijin kafin a saya. Kada a bar ta a Rest Mode in wutar unguwa ba ta da tabbas, a kashe gaba ɗaya. In abin ya riga ya faru, a kashe ta, a danne madannin kunnawa kusan sakan 7 har a ji ƙara ta biyu, a haɗa hannu da kebul na USB, a zaɓi Rebuild Database. Wannan ba ya goge wasanni. Initialize shi ne mai gogewa, kada a kuskura a taɓa shi. A riƙa kwafe ajiya a filas lokaci-lokaci.

Ƙarar fanka kuwa ƙurar hunturu ce ta toshe haƙoran ƙarfen da ke fitar da zafi. Hura iska daga waje ba ya isa, sai an buɗe an share tsakanin fanka da ƙarfen. A riƙe fankar da yatsa yayin hurawa, kada iska ta juya ta fiye da ƙima. PS4 da ta shekara huɗu ko biyar tana son sabon man zafi a kan injinta, ɗigo kamar ƙwayar wake ya isa. PS5 kuwa ruwan ƙarfe ne a nata injin, lantarki yana bi ta cikinsa, in ya zuba a allo ya gama da ita, don haka kada mai koyo ya kai hannu can. A zare fararen murafenta biyu kawai, akwai ramukan tara ƙura da aka yi musamman, a zuƙe su da injin shara mai ƙaramin ƙarfi. A ajiye ta a sarari da tazarar aƙalla santimita 10 daga bango, ba cikin durowar talabijin mai ƙofar gilashi ba.